Yadda ake shirya hedimasta ya karɓi yara masu buƙata ta musamman, kuma aikin ya ɗore

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, da jami'an da ke zagayen makarantu, da su kansu hedimastoci daga Misau, Katagum, Dass har zuwa Dukku da Kaltungo: mun ji an ce a haɗa makaho da kurma da gurgu a aji ɗaya da sauran yara, to ta ina za a fara?

Maganar ko za a yi ko ba za a yi ba, doka ta riga ta rufe ta. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Cibiyar ilimi ta musamman da ke Yalwa a Bauchi tana nata ƙoƙarin, amma ba za ta ɗauke yaran ƙananan hukumomi 20 ba, haka ma ta Gombe da ƙananan hukumominta 11. Yawancin yaran nan, in ba makarantar unguwarsu ta karɓe su ba, to sun gama karatu tun ba su fara ba. Wanda ke riƙe da ƙofar makarantar unguwa kuwa hedimasta ne. Ga yadda ake shirya shi, bi da bi.

1. A zaɓi mutum uku daga kowace makaranta

Hedimasta, da mataimakinsa ko wani malami mai daɗewa a makarantar, da mutum ɗaya daga kwamitin SBMC, wato kwamitin mutanen gari da ke sa hannu a tafiyar da makaranta, in da hali mace. Dalilin a fili yake: takardar canjin wurin aiki ba ta sallama. Za a kashe kuɗi a horar da mutum, bayan wata huɗu a ɗauke shi a kai wata gunduma, duk abin da ya koya ya bi shi. Ɗan kwamiti kuwa ɗan gari ne, ba mai yi masa canji.

Kada a haɗa fiye da makarantu biyar ko shida a rukuni guda, kuma su kasance kusa da juna, yadda babur zai kai mutum ya dawo kafin azahar.

Hattara: idan aka bar wa ofis zaɓen suna ba tare da sharaɗi ba, waɗanda suka saba zuwa kowace bita saboda kuɗin zama su za a sake turowa. A rubuta a takardar gayyata cewa wanda ke riƙe da makarantar a yanzu shi ake nema.

2. A yi bitar a cikin makaranta, ana tsakiyar karatu

Na zauna a bitar otal ba sau ɗaya ba: sanyin na'ura, shinkafa da kaza, takarda mai hatimi a rana ta uku. Ba na cewa ba a koyon komai. Amma mutum ya koma makarantar da yara ɗari ke zaune a ƙasa a aji guda, sai ya ga abin da aka faɗa masa kamar labarin wata ƙasa ne.

A ranar farko, kafin wani ya buɗe baki ya yi lacca, a ari keken guragu ɗaya. A zaunar da hedimasta a kai daga bakin ƙofar makaranta, a ce ya kai kansa aji ɗaya, daga nan masai, daga nan wurin shan ruwa, daga nan ofishinsa. Kada kowa ya tura shi. Yashi zai riƙe tayar, dakalin baranda zai tsayar da shi, ƙofar masai ba za ta shige shi ba. Wani kuma a toshe masa kunne da auduga ya zauna a layin ƙarshe na aji uku har darasi ya ƙare, sannan a tambaye shi me malam ya koyar. Abin da suka gani su rubuta da hannunsu. Wannan takarda ita ce tushen duk aikin da zai biyo baya.

Cikin masu ba da horon lallai a samu naƙasasshe mai ilimi: malami makaho, ko ma'aikaciya kurma da mai fassara mata. Reshen jiha na JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, da hukumar kula da naƙasassu za su haɗa ku da irinsu. Hedimastan da ya ga makaho yana karanta rubutun Braille da yatsa cikin sauri, ba sai an sake yi masa wa'azi ba.

Hattara: wasan keken nan don gano inda gini ya gaza ne. In ya koma raha da ɗaukar hoto, ko ya ƙare da "Allah sarki", an ɓata shi. A bar naƙasasshen da ke wurin ya ja ragamar tattaunawar.

3. Ƙidaya: na ciki tukuna, sannan na waje

Kusan duk hedimastan da ka tambaya zai ce, "Ranka ya daɗe, ai mu ba mu da irin waɗannan yaran." Yana da su. Yana kiransu da wasu sunaye ne: daƙiƙi, mai taurin kai, sarkin fashi.

A ba shi mako biyu da littafi guda mai bango mai ƙarfi. Kowane malamin aji ya bi rajistarsa suna bayan suna da tambayoyi shida: yaron nan yana wahalar gani? Ji? Tafiya ko hawa dakali? Tuna abu ko tsayar da hankali? Kula da kansa, kamar zuwa bayan gida? Magana ko fahimtar magana? Amsar kuma hawa huɗu ce: babu, kaɗan, sosai, ba ya iyawa sam. Waɗannan su ne tambayoyin da masu ƙididdiga na duniya ke amfani da su, kuma amfaninsu shi ne ba sa tilasta wa malami ya zama likita. A ƙara layi ɗaya na masu sikila, da farfaɗiya, da zabiya, da duk yaron da ya yi fashin fiye da kwana goma a zango.

Na waje sun fi wuyar samu, domin ba a fito da su. Hanyar da na ga ta fi aiki ita ce a tambayi yaran aji huɗu zuwa shida: a gidanku ko maƙwabta, wa ka sani da ya isa shiga makaranta amma ba ya zuwa? Yara ba su iya ɓoye-ɓoye ba. Sai mata 'yan kwamiti su shiga gidajen, tun da namiji iyakarsa zaure. A kuma gaishe da mai unguwa, da sarkin makafi da sarkin guragu inda ake da su, kafin a taka ƙofar kowa.

Hattara: littafin nan sirri ne, yana zama a kulle a ofis. Ba a karanta sunaye a asambuli, ba a liƙa su a bango. Kuma kada a bari maganar ta fita a matsayin ana rubuta suna don rabon tallafi. In ta fita haka, za a cika maka littafi da sunayen da ba su ne ba, kuma ranar da tallafi bai zo ba kai ne maƙaryaci.

4. Gwajin ido da kunne

Wannan mataki ɗan ƙarami ne amma yana warware abubuwa da yawa. Ana buƙatar allon gwajin ido mai harafin E, wanda yaro ke nuna inda ƙafafun harafin suka dosa ko da bai iya karatu ba, da igiya mai tsawon mita 6. A rataye allon inda akwai haske, yaro ya tsaya a ƙarshen igiya, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Wanda ya kasa layin allon mai lamba 6/12 a kowane ido, a rubuta wa iyayensa takarda zuwa asibiti. Na kunne kuma, malami ya tsaya a bayan yaro da tazarar hannu guda, a toshe kunne ɗaya, ya raɗa lambobi, yaro ya maimaita.

A wata firamare da na yi zagaye, akwai yaron aji uku da ya sha bulala har ya saba, wai ba ya amsa kira. Da aka duba, kunnensa na dama ruwa yake yi, ƙuda na binsa, hularsa ce ke rufe wurin. Uwar ta ce ai tun yana goye yake haka. Magani aka ba shi a asibiti, aka kuma mayar da shi gaba ta yadda kunnen hagu ke fuskantar malam. Shi ke nan.

A gayyaci ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ya tsaya a wurin. Abin da ya fi ƙarfinsa ya tura gaba, zuwa babban asibitin yanki, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a Bauchi, ko asibitin koyarwa na tarayya a Gombe.

Hattara: malami ba ya sa wa ciwo suna, ba ya ɗiga wa yaro komai a ido ko kunne.

5. A fara da abin da ba ya cin kobo

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zauna jiran kwangila. Kafin a yi maganar siminti, ga abin da hedimasta zai iya zartarwa da bakinsa a safiyar Litinin. Ajin da ke da yaro mai keke ko sanda a sauya shi zuwa ɗakin da ya fi kusa da ƙofa kuma ya fi ƙarancin dakali. Mai raunin gani da mai raunin ji su dawo layin gaba. Zabiya a ba shi izinin sa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu ko da sun saɓa wa yunifom, a ɗauke masa tsayuwar rana a asambuli da sharar fili, a zaunar da shi kusa da allo amma ba inda hasken taga ke dukan idonsa ba. A buɗe tagogin da aka toshe da kwano. A sake baƙanta allo, ko da garin gawayi ne, domin allon da ya koɗe ko mai lafiyayyen ido wahala yake sha. Wanda ke rarrafowa daga nesa a daina yi masa bulalar latti.

Sai dokar suna. Hedimasta ya tsaya a asambuli ya ce daga yau kowa da sunan da ubansa ya raɗa masa za a kira shi. Babu "kai gurgu", babu "bebiya". Dokar ta fara hawa kan malamai, don a bakinsu yara ke ɗauka.

A haɗa kowane yaro da abokai biyu ko uku da za su riƙa juyawa: mai tura keke, mai karanta masa abin da ke allo, mai ara masa littafi in ya yi fashi. Kada a ɗora wa yaro ɗaya, zai gaji, nasa karatun ya lalace.

6. Zama da malamai

Nan ne aikin yake, kuma nan ne hedimasta ya fi buƙatar a shirya shi, domin malamansa za su yi ƙorafi kuma ƙorafin nasu gaskiya ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Malamar da ke fama da yara casa'in, ka ce za ka ƙara mata kurma, in ta ce "Malam, ni da wanne zan ji?" ba rashin imani ba ne. Hedimastan da ya amsa mata da barazanar takardar tuhuma ya riga ya faɗi. A horon, a sa su gwada wannan zance: ɗaya ya zama malamar, ɗaya hedimasta, har sai ya iya sauraro ya kuma ba ta abu ɗaya ƙarami da za ta iya yi gobe.

Ƙananan abubuwan su ne: ka fuskanci aji in kana magana, kada ka yi bayani fuskarka na kallon allo, saboda mai bin leɓe. Duk abin da ka rubuta ka faɗe shi da baki, saboda wanda ba ya gani. Rubutu manya. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Lissafi da tsakuwa da marafan kwalba da karan dawa. Wanda hannunsa ba ya riƙe fensir a naɗa wa fensirin tsumma ko roba ya yi kauri, ko a karɓi amsarsa da baki. Abin da malamai ke ganowa da kansu bayan 'yan makonni shi ne sauran yaran ma sun fi ganewa a haka.

A tsayar da zama na minti arba'in sau ɗaya a mako biyu, bayan an tashi. Kowane zama yaro ɗaya ake tattaunawa: me ya iya, me ke ba shi wuya, me za a gwada, wa zai yi. A rubuta a shafi guda, a dawo kansa bayan wata.

Dole hedimasta ya san iyakarsa. Rubutun Braille da maganar hannu ba a koyonsu a bitar kwana uku. Yaron da ba ya gani sam ko ba ya ji sam yana buƙatar ƙwararre. A bincika a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma: sau da yawa akwai malamin da ya karanta ilimi na musamman a Jami'ar Jos, ko Bayero a Kano, ko kwalejin tarayya ta Oyo, an jefa shi wani wuri yana koyar da abin da ba fanninsa ba. Sakataren ilimi zai iya mayar da shi mai zagaya makarantun rukunin, kwana ɗaya kowace makaranta. A kuma lura cewa maganar hannun da kurame ke yi a kasuwa da gida daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame. Babban kurma na gari da ya yi makaranta ya san duka biyun, a nemi taimakonsa a kuma biya shi.

Hattara, farfaɗiya: kowane malami ya haddace wannan. A kawar da benci da duk abin da zai ji wa yaro ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko a shaƙa masa hayaƙi. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar, asibiti. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, a faɗa wa yara haka ƙarara. Mai sikila kuma a bar shi ya sha ruwa ya fita bayan gida duk lokacin da ya nema, a kiyaye shi da sanyin hunturu da gudu mai tsanani.

7. Iyaye da gari

Iyaye iri biyu za ka fuskanta. Na farko iyayen yaron: wasu kunya, wasu tsoron a ci zalinsa, wasu kuma bara yake kawo musu abin cefane, kuma wannan ba a faɗa maka kai tsaye. Kada hedimasta ya je da takardar doka a hannu. Ya je da ɗan kwamiti, a gaisa, a ce, "Baba, ba mu shi na wata ɗaya mu gani." Ga 'ya mace, abin da ke ran uwa shi ne hanya da masai, don haka a zo da amsa: ga wadda za ta riƙa rako ta, ga malamar da za ta kula da ita.

Na biyu iyayen sauran yara, masu cewa za a ja wa nasu baya ko a shafa musu ciwo. Waɗannan liman ya fi hedimasta iya musu. Kowa ya san Suratu Abasa da dalilin saukarta, ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne kuma ladani a Madina. A garuruwan da ke da coci a nemi fasto ya yi nasa ɓangaren ranar Lahadi.

8. Gini da kuɗi

Sai yanzu. A ɗauko takardar da aka rubuta ranar keke, a jera ayyukan, masai a sama. Yaro zai iya jure a ɗaga shi ya shiga aji, amma budurwar da sai an ɗauke ta an kai ta masai ba za ta daɗe tana zuwa ba. Ɗaki ɗaya ya isa: ƙofa mai faɗin santimita 90 da ke buɗewa waje, ƙarfen dafawa a bango, da mazauni mai tudu a kan ramin, ko na bulo ko kujerar katako da aka huda.

Gangarar hawa keke tana da ƙa'ida: kowane santimita ɗaya na tsayi, santimita 12 na tsawo. Dakali mai tsayin santimita 30 yana son gangara mai mita 3.6, faɗinta kamar mita 1.2. In aka yi gefe da bulo, aka cika ciki da marmara aka daɓe, buhun siminti uku zuwa huɗu ya isa. A bar saman da kaushi, kada a goge shi ya yi santsi. Farashin siminti ba ya zama wuri ɗaya, don haka a rubuta kasafi da adadin buhu da bulo da kwanakin magini, a tambayi kuɗin ranar da za a saya.

Hattara: magini in ba a tsaya a kansa da tef ba, gajeriya zai yi don tsimin siminti. Na ga wadda aka yi a wata makaranta, tsayuwarta kamar ta loda buhu a mota, kuma ofishin hedimasta ta nufa maimakon aji. Awaki ne kawai ke kwana a kai.

Kuɗin kuwa: a sa ayyukan cikin tsarin raya makaranta na SBMC, domin abin da ba ya cikin tsarin ba a ba shi kuɗi in tallafin gyaran makarantu na UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ya zo. A cikin kuɗin da UBEC ke rabawa akwai kaso na ilimin masu buƙata ta musamman da ke bi ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a rubuta buƙata ta hannun sakataren ilimi, da sunan kaya da adadin yara, a ajiye kwafi. Allon rubutun Braille da abin hudawarsa da gilashin ƙara girman rubutu ba su da tsada, su za a fara nema kafin injin buga Braille na Perkins. Tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar gari sun fi saurin ba da buhun siminti a kan tsabar kuɗi. Abin da ba a yi shi ne a ɗora wa iyayen yaron wani haraji na daban.

9. Bibiya da miƙa ragama

Jami'in zagaye ya je kowace makaranta sau biyu a zango, kuma kada ya tsaya a ofis yana sa hannu a littafin baƙi. Ya ɗauki sunaye uku daga littafin ƙidaya ya ce a nuna masa su a aji. Ya duba rajista: suna zuwa? Ya duba littafin yaron: akwai jan biro a ciki, ko an ajiye shi ne a gaba kamar kaya? Ƙarshen kowane zango hedimastocin rukunin su haɗu a makarantar ɗayansu, ana juyawa, kowa ya kawo abu ɗaya da ya yi aiki da ɗaya da ya gagara.

Yaro in ya kai aji shida, tun zango na biyu hedimasta ya je da ƙafarsa wurin firinsifal na ƙaramar sakandaren da zai shiga, da shafin bayaninsa. A nan ake yawan rasa su. Masu sakandare kuma su bayyana lalurar ɗalibi tun wajen rajistar WAEC da NECO da JAMB, domin takardar Braille ko manyan haruffa da ƙarin lokaci sai an nema da wuri ake tanadarsu.

Ranar da takardar canji ta zo, sakataren ilimi kada ya sa hannu a takardar miƙa aiki sai ya ga abu huɗu a ciki, bayan lissafin benci da alli: littafin ƙidaya, shafukan yara, jerin gyaran da ya rage, da lambobin wayar ma'aikacin lafiya da malamin zagaye. A yi miƙawar a gaban mataimaki da ɗan kwamitin nan da aka horar tun farko, sannan su biyun su zaga da sabon hedimasta aji-aji a makonsa na farko, ya ga yaran da idonsa ya kuma ji sunayensu.